Karatun Nikiya a Rumfar Makanike

Shekarar da na dawo gida daga Khartum da daftarin kundina a jaka, an fara yankan riɗi ke nan a gonakin da ke kudu da Gadarif. Ina karatun digiri na biyu a fannin tarihi, a kan masarautun Kiristoci da suka taɓa zama a gaɓar kogin Nilu. Malamin da ke duba aikina ya ce bai kamata in yi ta bayanin yaƙe-yaƙen mutane da gine-ginensu ba tare da na faɗi abin da suka yi imani da shi ba. Saboda haka na ƙara babi guda a kan yadda koyarwar Uku-Cikin-Ɗaya, wadda littattafanmu na Larabci ke kira taslisi, ta ginu a kanisar farko, wato cocin Kiristocin farko. An ba ni zuwa ƙarshen girbin dawa in miƙa kundin. Bayan wannan lokaci ba a karɓar gyara, abin da na miƙa shi zai zauna a ɗakin karatu da sunana a kai.

Babin ya dame ni tun a cikin mota. Abin da na rubuta a taƙaice shi ne, wani sarkin Rumawa ya tara manyan limaman kanisa a garin Nikiya, ya ɗora musu wata aƙida da ba a san ta ba kafin ranar, suka sa hannu don tsoro, kowa ya koma garinsu, magana ta ƙare. Daga littattafai uku na ɗebo wannan, dukansu littattafan raddi ne da Musulmi suka rubuta. Abin da ya hana ni sakat shi ne yadda ukun suka faɗi labarin da kusan kalmomi iri ɗaya. Na yi zargin biyu sun kwafa ne daga ɗaya. Amma ban gaya wa kowa ba, domin babin ya yi tsaf, ni kuma ina tsoron taɓa abin da ya riga ya zauna.

A gonar kawuna na sauka, kusa da Ƙala'at an-Nahal. Ƙanen mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Kakanninmu da ƙafa suka zo daga yamma a kan hanyar Hajji, suka yada zango a Mafaza, zangon ya zama gida. Kawu ya yi shekaru yana karatun zaure a can kafin taraktoci su cika ƙasar nan, ya samu fili ya shiga noman inji kamar sauran mutane. Bai yi boko ba, kuma ina jin shi ya sa ya ɗauki digirina da girman da ya fi ƙarfinsa. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna ni ya ce ga ustaz ɗinmu, duk abin da ke cikin littafi yana kansa. Ni kuwa in sunkuyar da kai, ina lissafin abubuwan da ban sani ba.

Akwai makaniken da ya yi kusan shekara ashirin yana gyara wa Kawu injuna. Kowa Usta yake kiransa. Dattijo ne siriri daga wajen Karan a ƙasar Iritiriya, Kirista ɗan Katolika. Na daɗe da sanin cewa ya yi makarantar horar da limaman kanisa yana saurayi, yaƙi ya tarwatsa su kafin ya gama, ya tsallako Kasala ya koyi aikin inji. Ban taɓa tunanin wannan ya shafe ni ba. Abin da na fi saninsa da shi shi ne tamfol ɗinsa. Idan zai kwance inji, sai ya shimfiɗa shi a ƙasa, duk abin da ya cire ya ajiye a jere bisa yadda ya cire shi, daga hannun dama zuwa hagu. Direban da ya kuskura ya ɗauki noti guda daga tsakiyar layi, ranar zai ji faɗan da bai taɓa ji ba.

Kawu yana ƙaunar Usta ƙwarai, kuma ƙaunar ce ta hana shi ƙyale shi. Duk shekara sai ya kira shi zuwa Musulunci, yawanci a kan faɗur, karin kumallon da muke yi da hantsi a rumfa bayan an ɗan yi aiki. Usta ya yi dariya, ya ce a miƙo masa barkono. Da Kawu ya ji abin da babina ya ƙunsa, fuskarsa ta yi haske. Ya ce bana Allah ya kawo masa mai taya shi. Na yi ƙoƙarin in ce aikin bai gama nuna ba, wataƙila akwai wuraren da suke buƙatar dubawa, amma muryata ba ta fita da ƙarfi ba, shi kuma bai tsaya ji ba. Ya gayyaci maƙwabtan gona biyu, dattawa irinsa, ga wakilin gona da direbobi.

Washegari aka ci wake da kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, aka wanke hannu, aka ɗora jabana, ɗan tulun dafa gahawa, a kan garwashi. Kawu ya ce in karanta. Kundin da Larabci yake, kowa a wurin yana ji. Na karanta shafi shida, dattawan suna gyaɗa kai. Usta ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, yana goge yatsunsa da tsumma ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba ko da babu mai a jikinsu.

"Karatunka da daɗin ji, ya ustaz," in ji shi. "Sai dai ban gane mutanen ba. 'Yan wace ƙasa ne?"

Direbobin suka yi dariya. Sannan ya yi mini tambaya guda, ba da zafi ba. Ya ce idan sarki ya gama magana a zama ɗaya, me ya sa babban limamin Iskandariyya, wanda ya fi kowa kare abin da aka yanke a Nikiya, shi sarkin da sarakunan da suka biyo bayansa suka kore shi daga garinsa har sau biyar? Ban san an kore shi ko sau ɗaya ba. Na duba takarduna kamar amsar za ta fito, na kuwa san ba ta ciki.

Na ɗauka Kawu zai shiga ya rufa mini asiri da wata hujja. Sai ya juyo gare ni ya tambaye ni daga wa na karɓi wannan babi. Na fara lissafa littattafan.

"Ban tambaye ka littafi ba, ɗana. A gaban wa ka zauna?"

Na ce ban zauna gaban kowa ba. Ya ce to masu littattafan fa, su a gaban wa suka zauna? Na ce ban sani ba, Kawu.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai iya ɗauka tambayar wasa ce. A zauren da Kawu ya yi karatu, mutum ba ya cewa ya san littafi don kawai ya mallake shi ko ya karanta shi shi kaɗai. Sai ya zauna gaban wanda ya karɓe shi daga wani, ya karanta layi, a fassara masa, a gyara masa, har ƙarshe. Idan ya zo koyarwa kuma sai ya ambaci wanda ya ba shi. Ni na san wannan tun ina ƙarami, amma na ɗauka dokar littattafan fiƙihu ce kawai, ba ta bi ni jami'a ba.

Kawu ya juya ga Usta ya yi masa tambaya iri ɗaya. Usta ya ce shekara shida ya yi a gaban wani tsohon limami a Karan, ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan wanda ya koyar da shi. Ya ƙara da cewa a wurinsu kowane babban limami wani ne ya ɗora masa hannu, shi ma wani ya ɗora masa, kuma wanda ya fara riƙe wannan muƙami a ƙasar Habasha, shi wancan mutumin Iskandariyya da aka yi ta kora shi ya ɗora masa hannu. Kawu ya juya finjalin gahawa a tafin hannunsa. Na ga bai ji daɗi ba. Ya shirya wa wannan safiya, ya tara mutane, ga abin ya juye. Amma da ya buɗe baki sai ya ce, mai sarƙar malamai ya fi mai takarda cancantar a saurare shi a kan abin gidansu. Ya ce daga gobe, tsakanin azahar da la'asar, in je rumfar Usta da takarduna in zauna.

Na tsorata, kuma ba zan ɓoye ba. Na ji tsoron a ce ɗan gidan malamai ya koma ɗaukar karatu wurin Kirista, maganar ta kai Mafaza kafin ni. Wakilin gona ma ya faɗi haka a gaban kowa, ya ce wannan ƙofa ce da ba a san inda za ta kai ba. Kawu ya amsa masa cewa yaron ba addini zai karɓo ba, addininsa yana nan a wurinsa, shi Kawu ne ya ba shi. Labarin mutane zai karɓo, kuma wanda zai ba da shaida a kan mutane dole ya ji daga bakinsu, in ba haka ba shaidar zur ce ko da a kan wanda ba Musulmi ba ne. Wakilin bai gamsu ba, amma ya bar maganar.

Ranar farko muka sha wahalar zama. Na cire takalmi na zauna a ƙasa kamar yadda ɗalibi ke yi. Usta ya ji kunya, ya sauko daga garwar man da yake zaune a kai ya zauna kusa da ni. Kawu, wanda ya zo da sunan duba buhuna, ya ce ba haka ake yi ba, malami yana sama. Suka yi ta ja-in-ja har Usta ya koma kan garwar yana gunaguni, yana cewa shekara ashirin yana kwance ƙarƙashin taraktocin mutumin nan bai taɓa cewa ya hau sama ba sai yau. A lokacin injin girbi yana kwance a gefenmu, cikinsa a baje a kan tamfol, domin dole a gama shi kafin dawa ta bushe.

Na buɗe shafin Nikiya, Usta ya ce in rufe. Ya ce na fara daga tsakiyar layi. Ya ce in fara daga ruwa. Tun farkon farawa, in ji shi, idan mutum zai shiga addininsu ana yi masa baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Mutanen farko, da yawansu Yahudawa ne da suka tashi suna cewa Allah ɗaya ne, kuma ba su daina cewa haka ba. Amma ga su suna addu'a ga Almasihu, suna rera masa waƙa, wasu ana kashe su a kan haka. Sun yi shekaru masu yawa suna yin wannan ba su da kalmomin bayyana shi. Ibadar ce ta riga, bayanin ya biyo baya, kuma tambayoyin mutane ne suka jawo shi. Na rubuta wannan, na ja masa layi, domin shi ne ainihin abin da babina ya rasa: shekaru kusan ɗari uku da na tsallake kamar ba a yi su ba.

A kwanakin da suka biyo ya bi da ni ta cikin amsoshin da aka gwada aka ajiye. Waɗansu malamai na farko sun ce Almasihu Kalmar Allah ne da ta fito daga gare shi kamar yadda ake kunna fitila daga fitila, ta farkon ba ta ragu ba. Daga baya wasu a birnin Rum suka ce ai mai sauƙi ne, Allah ɗaya ne mai suna uku, wani lokaci ya bayyana a Uba, wani lokaci a Ɗa. Kanisa ta ƙi wannan, domin idan haka ne, da wa Almasihu yake magana sa'ad da yake addu'a? Wani marubuci a Kartaj, a arewacin Afirka, shi ya fara rubuta kalmar Uku-Cikin-Ɗaya da Latin, ya ce zati ɗaya, amma uku ne da ake iya bambancewa. Usta yana son wannan wurin. Ya ce in lura yawancin rigimar a nahiyarmu aka yi ta, ba abin Turawa ba ne kamar yadda direbobi ke tsokanarsa.

Yana magana hannunsa yana aiki. Wani lokaci ya tsaya tsakiyar jimla don ya saurari ƙarar wani ƙarfe, sannan ya koma daidai kalmar da ya tsaya. Idan na yi saurin rubuta abin da bai gama faɗa ba, sai ya ce in goge. Ba ya barin mu wuce wuri sai na maimaita masa shi da bakina, ya ce haka ne. Ban sani ba ko a Karan haka ake yi ko kuwa daga Kawu ya ɗauka, amma salon zaurenmu ne sak.

Sai a mako na biyu muka iso Nikiya. Wani limami a Iskandariyya ya koyar da cewa Ɗa halitta ne, mafi girman halittu, amma akwai lokacin da babu shi. Rigima ta tashi har ta raba garuruwa. Sarki ya kira taro a shekara ta 325 ta Miladiyya, kuma taron ya ce Ɗa haifaffe ne ba halittacce ba, zatinsa ɗaya da na Uba. A nan na yi tsammanin Usta zai wanke sarkin. Bai wanke shi ba. Ya ce sarki ne ya kira taron, shi ya ciyar da su, kuma waɗanda suka ƙi sa hannu an kore su daga ƙasarsu. Ya ce in rubuta wannan, gaskiya ne, littattafaina ba su yi ƙarya a nan ba. Inda suka kauce shi ne da suka ce magana ta ƙare. An ƙara fiye da shekara hamsin ana jayayya, kuma cikin sarakunan da suka biyo baya akwai waɗanda suka goyi bayan ɗaya ɓangaren da dukan ƙarfinsu. Da takobi kaɗai ke yanke hukunci, in ji shi, da abin da aka yanke a Nikiya bai kai labari ba.

Wannan hali nasa shi ya fi tsaya mini a rai. Bai taɓa ƙawata abin da ba shi da kyau ba. Ya gaya mini limamai sun zagi juna, an yi duka a tituna, an yi ƙage. Idan na tambaye shi abin da ya manta, sai ya ce bai sani ba, shekara arba'in ke nan, in duba a Khartum. Ni da na shekara ina jin kunyar furta wannan kalma, na ga dattijo yana faɗinta yana ci gaba da ɗaure noti.

Sau ɗaya na faɗa masa abin da ke cikina. Na ce, Baba Usta, na ji duk wannan, kuma na ga mutane ne masu tunani, amma ni har yanzu ban ga yadda zai zauna da kaɗaita Allah ba. Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bawan Allah ne kuma manzonsa, a nan na tsaya.

"Wa ya ce ka matsa?" in ji shi. "Ka rubuta abin da muke faɗa yadda muke faɗinsa. Bayan nan in za ka ƙi, ka ƙi. Aƙalla namu ka ƙi."

Ban sake tayar da maganar ba, shi ma bai sake ba.

Dawa ta bushe kafin mu gama. Aka haɗa injin girbi, kuma duk inda injin ya je Usta yana biye da shi, domin ranar da ya tsaya asara ce ga kowa. Saura kwana goma sha ɗaya in koma Khartum, ga Ruhu Mai Tsarki ba mu taɓa shi ba. Na yi tunanin in cike sauran daga tsofaffin littattafaina, ba wanda zai sani. Na ma fara, na rubuta rabin shafi, na ji irin nauyin da na ji a mota ya dawo, na yaga. Da safe na hau lorin da ke kai wa ma'aikata ruwa.

Sauran darussan a gona aka yi su, da tsakar rana, a ɗan inuwar da injin ke bayarwa yayin da ake barinsa ya huce. Baƙar ƙasar ta tsage har mutum ya iya zura hannu, ƙaiƙayi yana shiga wuyan riga. A nan ya gaya mini cewa a Nikiya layi ɗaya tak aka yi wa Ruhu Mai Tsarki, an ce an gaskata da shi, shi ke nan, domin ba a kansa ake rigima ba tukuna. Daga baya tambayar ta iso kansa. Waɗansu limamai uku daga ƙasar da yanzu take cikin Turkiyya suka zauna suka tsabtace kalmomin, suka ware kalma ɗaya ga abin da yake ɗaya, wata kuma ga abin da yake uku, domin a da mutane suna amfani da kalmomin a cakuɗe, su yi ta faɗa alhali wani lokaci abu ɗaya suke nufi. A shekara ta 381 aka yi wani taro a Kustantiniyya, aka faɗaɗa maganar Ruhu, aka ce ana yi masa sujada tare da Uba da Ɗa. Usta ya ce abin da suke karantawa a kanisa ranar Lahadi, asalinsa daga waɗannan taruka biyu ne. Ya karanta mini shi da harshen ibadarsu, a hankali, sannan ya juya shi zuwa Larabci. Direban da ke kwance kusa da mu ya rage sautin rediyonsa ba tare da an ce masa ba.

Kwana huɗu na yi ina sake rubuta babin. Shafi shida ya zama goma sha tara. Kawu ya sake tara mutanen da suka ji na farko, a rumfa ɗaya, a kan faɗur. Na fara karantawa. Na yi nisa sosai har na iso inda na rubuta cewa a wurin Kiristoci Allah ɗaya ne mai sassa uku. Ya ɗaga hannu. Ina jin zaman da na yi kusa da tamfol ne ya sa mini wannan a kai, na riƙa ganin abin kamar inji da aka kwance aka jera. Ya nuna taraktar da ke tsaye a waje ya ce waccan ce mai sassa, ka cire ɗaya ta tsaya, kuma kowane sashi guntu ne na tarakta. Ya ce su ba sa cewa Uba sulusi ne, Ɗa sulusi. Kowanne cikakken Allah ne a wurinsu, kuma Allah ɗaya ne ba ya rabuwa. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce to wannan ai ya fi na farko wuyar fahimta. Usta ya ce haka ne, Alhaji, su ma ba su ce sun kewaye shi da hankali ba, sun dai san abubuwan da ba za su faɗa ba. Na goge layin a wurin, na rubuta yadda ya faɗa, na karanta masa, ya ce in wuce.

Da na kai ƙarshe, Usta ya dube ni.

"Yanzu na gane su," in ji shi. "Mutanena ne."

Kawu ya gyara zama. "To, ya Usta, an faɗi naka daidai, ba ƙari ba ragi. Yanzu kuma sai ka zo namu."

"Ya Alhaji, gahawar nan tana hucewa."

Kawu ya zuba masa, ya ce Allah ya kai mu baɗi.

A Khartum malamina ya ce bakin makanike ba zai isa hujja a gaban masu jarrabawa ba, kuma ina ganin yana da gaskiya a nasa ɓangaren. Na yi kwanakin da suka rage ina bin abin da Usta ya faɗa ɗaya bayan ɗaya a littattafan tarihi. Wuri guda na samu ya kauce: ya ce a Iskandariyya aka fara rubuta kalmar ukun da Girkanci, littattafan suka ce a Antakiya ne. Na gyara. Sauran duk ya tsaya, gwargwadon abin da na iya dubawa, ko da yake ba zan ce na duba komai ba, kuma mai ilimin da ya fi ni zai iya samun abin gyara. Na miƙa kundin ranar ƙarshe, kafin a rufe ofis.

Usta ya roƙe ni kada in sa sunansa, ya ce shi bai gama makaranta ba, za a yi mini dariya. Na yi ta jujjuya wannan har ranar da aka buga shafin ƙarshe. Da na dawo da kundin a ɗaure bayan wasu watanni, Kawu bai tambaye ni sakamako ba. Ya karɓa, ya auna nauyinsa a hannu, ya tambaye ni ko na ambaci malamina. Na ce na ambata. Ya ce in nuna masa. Na buɗe farkon babin, inda na rubuta cewa na karɓi wannan bayani daga bakin wane, makanike a gonakin Ƙala'at an-Nahal, shi kuma ya karɓa daga wane a Karan. Kawu ya bi layin da yatsa har ƙarshe. Sannan ya sa takalminsa, ya ɗauki kundin a hammata, ya nufi rumfar da ake jin ƙarar guduma.